Adras ko atlas? Hajiya, ki ɗauki adras

Hajiya, tunda Alhaji zai bi ta Uzbekistan kuma kin ce ɗaya kawai zai sayo miki cikin yadin nan biyu, ki ce masa adras.

Nawa shekararsa biyar ke nan. Zaren tsayensa alharini ne, na kwance kuma auduga, shi ya sa yake da jiki kuma ba ya riƙe zafi. Na ɗinka doguwar riga da shi, na sa ta a bikin ƙanwata ana tsakar zafin bazara, mata sai tsayar da ni suke suna shafawa. Wata gwaggonmu ta rantse rinin Ƙofar Mata ne. Ba ta yi nisa da gaskiya ba, don masaƙan Uzbekistan ma da baba suke shuɗi, ɓawon rumman ya ba su rawaya. Bambancin shi ne mu ƙyalle muke ɗaurewa mu tsoma, su kuwa zaren suke ɗaurewa su rina tun kafin ya hau masaƙa. Shi ya sa gefen zanen yake ɗan narkewa kamar gajimare, suna ce wa aikin abrbandi.

In da hali ya je Margilan, a kwarin Fargana. Can ne Rasuljon Mirzaahmedov yake, masaƙin da ya gaji sana'ar wurin mahaifinsa, ya farfaɗo da saƙar karammiskinsu bayan ta kusa ɓacewa, har shahararren mai tsara tufafi Oscar de la Renta ya yi ɗinki da yadinsa a 2005. A 2017 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cibiyar masu sana'ar hannu ta garin cikin jerin waɗanda suka iya raya gado.

Atlas kuwa alharini ne zalla. Yana sheƙi, ban hana shi ba, amma santsinsa ya sa telana ya kusa mayar mini da shi, kuma gumi kaɗan sai ya bar shata. Yana can ƙasan akwati.

Ki ja wa Alhaji kunne kan masu sayar da bugun inji da sunan saƙar hannu. Ya juya bayan yadin: adras na gaske gaba da baya kusan ɗaya ne, bugu kuwa bayansa fari-fari. Faɗin na hannu da wuya ya wuce rabin mita, kamar saƙinmu, don haka ya ƙaro tsawo. Ya zare zare ɗaya na tsaye ya ƙyasta masa ashana. In ya yi ƙaurin gashi, alharini ne. In ya narke kamar leda, ya ajiye musu kayansu.