Kukan Kunne: Me Ya Cancanci Kuɗinka, Me Bai Cancanta Ba

Babu abokin cinikin da ɗan kasuwa ke so kamar mai kukan kunne. Ciwon ba ya kisa, sau da yawa kuma ba ya tafiya. Da rana hayaniyar gari ta rufe shi, dare na yi gari ya yi tsit, sai ya taso kamar gyare ya tare a cikin kai. Wanda ya shekara a haka, duk abin da aka miƙo masa saya zai yi. Kuma masu shi ba kaɗan ba ne: wani nazari da mujallar JAMA Neurology ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 14 cikin ɗari na manya a duniya, sama da mutum miliyan 740, suna jin wannan ƙara da likitoci ke kira tinitus.

Kafin a shiga kasuwar, a riƙe tambaya biyu. Abin da ake tallar nan, ƙarar yake ragewa ko damuwar da ƙarar ke jawowa? Sannan da aka gwada shi, da me aka kwatanta shi? Ta biyun ta fi muhimmanci, domin kukan kunne yana hawa yana sauka da kansa, kuma mutum kan ji sauƙi don kawai an kula da shi. Gwajin da ba a raba mutane gida biyu ba, wasu a ba su na gaske wasu a ba su na wofi, bai faɗi abin kirki ba.

Abu na farko da za a biya wa kuɗi shi ne gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Manyan asibitocin koyarwa suna da shi, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Wani lokaci dattin kunne ne ya toshe, a wanke a huta. Sau da yawa kuwa ji ne ya ragu mutum bai ankara ba, musamman mai injin niƙa, mai walda, da wanda janareta ke kwana a bakin tagarsa. Magunguna ma suna jawo shi: kwinin, asfirin mai yawa, da allurai irin su jentamaisin da sitireftomaisin. Likita za a faɗa wa, kada mutum ya yanke magani da kansa. Idan kuma ƙarar a kunne ɗaya ce, ko tana bugawa tare da bugun zuciya, ko ji ya ɗauke farat ɗaya, wannan ba maganar kwatanta farashi ba ce, asibiti za a nufa a ranar.

Kwalabe da ƙwayoyin da suka cika intanet ba za su ɗauke mu lokaci ba. Mafi shahara shi ne ganyen ginkgo. A 2001 masu bincike a Birmingham ta Ingila suka gwada shi a kan mutum 1,121, bai fi ƙwayar wofi da komai ba. Ƙungiyar likitocin kunne ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2014, ta ce kada a ba da ginkgo ko zinki ko melatonin da sunan maganin kukan kunne. Kamfanonin magani ma sun sha ƙasa: AM-101, da ake allurarsa cikin kunne, ya faɗi a matakin gwaji na uku, OTO-313 kuma ya bi sahunsa a 2022. To idan masu ɗakunan bincike sun kasa, mai tallar kwalba a Facebook da ke rantsuwar warkewa cikin kwana bakwai fa?

Na'urar ƙara ji ta wanda gwaji ya nuna jinsa ya ragu ce. Hikimar a fili take: in sautin waje ya dawo, na cikin kai sai ya ja baya. Hujjar cewa tana rage kukan kansa ba ta da ƙarfi sosai, amma ko ba komai an samu ji, don haka kuɗin bai tafi a banza ba. Sharaɗin shi ne a saita ta daidai da sakamakon gwajinka. Ta kanti, wadda ke ɗaga kowane sauti bai ɗaya, tana iya ƙara ɓata lamarin.

Abin da ya fi kowanne hujja shi ne wanda mutanenmu suka fi rainawa, wato zama da masanin halayyar ɗan Adam a yi horon sauya tunani da ɗabi'a, wanda ake kira CBT. Na san abin da za a ce: kunnena ke kuka, ka tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa? Amma duba yadda abin ke aiki. Ƙarar ta taso, gaba ya faɗi, mutum ya ce shi ke nan zan kurmance ko zan haukace. Tsoron nan ne ke sa ƙwaƙwalwa ta kafa wa ƙarar kunne, barci ya gagara, gobe ta fi jiya tsanani. Horon yana tsinke wannan zagayen ne. A 2012 mujallar Lancet ta buga gwajin da aka yi a Holan da mutum 492, inda kulawar da aka gina kan CBT ta fi kulawar da aka saba. A 2020 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 28 masu mutum 2,733, ta ga yana rage yadda ciwon ke dagula rayuwa. Ba ya kashe ƙarar, kuma masu yin sa na gaskiya ba sa cewa yana kashewa. Matsalarsa a wajenmu ƙarancin ƙwararru ce, sai dai ana yin sa ta waya, kuma hukumar NICE, mai fitar da jagorar kiwon lafiya a Ingila, ta amince da na intanet a jagorarta ta 2020.

Akwai kuma tsarin TRT da masanin kimiyya Pawel Jastreboff ya ƙirƙiro, mai haɗa nasiha da 'yan na'urorin da ke sakin shuuu a kunne tsawon watanni. A 2019 aka buga gwajinsa a asibitocin sojan Amurka da mutum 151. Bayan wata 18 kowane rukuni ya samu sauƙi, amma masu cikakken tsarin ba su yi wa masu nasiha ta yau da kullum wani fintinkau ba. Ni dai abin da na ɗauka daga nan shi ne, kafin a sayi na'urar sauti mai tsada, a fara da fanka, ko rediyo ƙasa-ƙasa, ko sautin ruwan sama a waya.

Sai sabon yayi, mai haɗa sauti da ɗan tsikarin lantarki. Lenire, ta kamfanin Neuromod da ke Dublin, ta samu izinin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, a Maris 2023. Ana sa abin sauraro a kunne, a ɗora wani ɗan falle a kan harshe, awa ɗaya kullum har mako 12. Gwajinta na farko da aka buga a 2020 ya ƙunshi mutum 326, akasarinsu sun ce sun samu sauƙi, amma babu rukunin wofi a ciki. A na uku, mai mutum 112, an fara ba kowa sauti zalla mako shida, sannan aka ƙara na harshen. Amfanin ya fito ne a wajen waɗanda ciwonsu ya kai matsakaici ko ya wuce. A 2023 kuɗinta a Amurka ya kai wajen dala 4,000.

Wadda tsarin gwajinta ya fi gamsar da ni ita ce ta Susan Shore ta Jami'ar Michigan, da aka buga a 2023: mutum 99, minti 30 kullum, tsikarin a kumatu ko wuya, kuma mara lafiya da mai bincike duk ba su san wa ke kan na gaske ba. An ga raguwa har a ƙarfin ƙarar kanta. Sai dai an zaɓi waɗanda kukansu ke sauyawa in sun motsa muƙamuƙi ko wuya ne kawai, kuma lokacin da aka buga sakamakon na'urar gwaji ce, ba ta kanti ba.

Mai shirin aika wa ɗan'uwa a Turai kuɗi ya sayo masa Lenire ya sani ba a kwali ake ɗaukowa a fara ba. Ƙwararren ji da kamfanin ya horar ne ke saita ta bisa gwajin kunnen mai ita, kuma akwai komawa a duba. Sai a lissafa kuɗin jirgi da biza a kan dala dubu huɗun.