Lensin ɗaukar hoton tsuntsu ga ɗan koyo, da kuma fumfunar Legas

Masu tambayata a inbos wane lensi za su saya don fara ɗaukar tsuntsaye, to ga amsa sau ɗaya kowa ya huta. Tsuntsu ba amarya ba ce da za ka ce mata ta ɗan juyo, kana matsawa ya tashi, shi ya sa duk abin da bai kai 300mm ba wahala kawai za ka sha, 400mm zuwa sama nan ne ake fara jin daɗi.

Ni dai nawa Sigma 150-600mm f/5-6.3 ne, wanda ake cewa Contemporary, kar a rikita shi da Sports, wancan ya fi nauyi ya fi tsada. Tun 2015 ya shigo kasuwa don haka tokumbo ɗinsa na samuwa, na Canon da na Nikon duka. In kyamararka irin mai ƙaramin sensa ce kamar Canon 2000D ko Nikon D5600, 600 ɗin nan zai ba ka kamar 960mm a Canon, 900mm a Nikon, wato zalɓe na can tsakiyar ruwa kai kana bakin gaɓa amma har ƙwayar idonsa za ka gani a hoto, shirwa kuwa tana shawagi kan kwatar Agege sai ka ƙirga gashin fiffikenta. Yana da OS mai rage rawar hannu, akwai maɓallin da ke hana fokas yawo daga kusa zuwa nesa, da makullin zum don kar hancinsa ya riƙa zazzagowa in ka rataya shi. Aibinsa biyu: kusan kilo 2 ne, kafaɗa za ta gaya maka, sannan a 600 f/6.3 yake, wato haske kaɗan yake shigarwa, in ka shiga ƙarƙashin bishiyoyin Lekki Conservation Centre duhu zai sa dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, don tsuntsu mai motsi yana son saurin shota ya kai 1/1000 na daƙiƙa. Kuma a kan gadar saman nan tasu mai mita 401 kar ma ka fito da shi, tana lilo ne, riƙe igiya ya fi maka.

In aljihu bai kai ba, mai Canon ya nemi EF-S 55-250mm IS STM, gajere ne amma hotonsa tas, ya isa balbela da hankaka da kurciyar bayan gida. Mai Nikon ga AF-P DX 70-300mm, a tabbatar mai VR ne, wato mai rage rawar hannu, don akwai marar shi, kuma ba ya aiki da tsofaffi irin D3100 da D5100. Canon 75-300mm III ɗin da ake haɗawa da kyamara a kwali, bar shi. Tamron 150-600 G2 ba laifi. Nikon 200-500 na masu ƙarfin hannu da na aljihu ne.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Dogayen lensin nan da ake tallarsu a intanet, 420-800mm ko 650-1300mm, farare masu kama da na ƙwararru a farashin banza, wallahi bututu ne da gilashi, ba oto-fokas ba komai, kafin ka gama murɗa shi tsuntsun ya kai Ikorodu. In ka ga an rubuta "for Canon" ba Canon ne ya yi ba.

Sai tokumbo. Garin nan laima gare shi, kuma fumfuna na shiga cikin gilashi ta yi saƙa. An taɓa sayar mini da wani a shago, an goge shi yana ƙyalli, mai shagon har da rantsuwa cewa jiya aka sauke shi daga Ingila, ashe zare-zaren fumfuna na kwance a gilashin ciki, duk hoton da ya fuskanci haske sai ya fito kamar an ɗauka cikin hazo, da na koma ya ce ai gidana ta kama. Don haka in za ka Computer Village ko Alaba tafi da kyamararka da batir cike. Cire murfi gaba da baya, haska tocilan waya ta baya ka leƙa ta gaba kana karkata shi, 'yar ƙura ba komai, amma abu mai rassa ko fari-fari ajiye masa kayansa. Ɗaura shi, fita waje ka ɗauki allon wani shago daga nesa a ƙarshen zum, ka buɗe hoton ka duba rubutun. Saurari motar fokas ko tana ƙara, duba kan sukurori ko an taɓa kwance su. Siriyal lambar jikinsa ta zama ita ce a rasit, a rubuta maka kwanakin gwaji. Wanda ya ce a turo kuɗi tukuna zai aiko da ɗan okada, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa.

Farashi ban faɗa ba don dala yake bi. Amma ka rage canjin sayen roba mai murfi da ke rufewa gam da silika jel mai tsotse laima, a ciki zai riƙa kwana, ba cikin jaka a ƙasan gado ba, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba.