EliteBook mai i7 ko Nitro mai i5: wacce za ta ɗauki wasa?

Ƙanena, ka ce kwamfutoci biyu aka nuna maka, dukansu na hannu: HP EliteBook 840 G5 mai Core i7 da RAM giga 16, da Acer Nitro 5 mai Core i5, RAM giga 8 da katin hoto GTX 1650. Kana son buga GTA V da FC 24, mai shago kuma ya ce ka ɗauki i7 tunda lambarta ta fi girma. In wasa ne gabanka, Nitro za ka ɗauka.

Ka fara duba harafin da ke ƙarshen lambar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, su i7 da i5 ɗin nan. Na EliteBook ɗin yana ƙarewa da U, irin i7-8650U, an ƙera shi ya ci wat 15 kawai don batir ya daɗe a ofis. Na Nitro, irin i5-9300H, wat 45 yake ja. Kowannensu ƙwaya huɗu gare shi, wato sassan da ke raba aiki a cikinsa, amma in aiki ya yi nauyi ya kuma daɗe, mai H ne ke riƙe gudunsa, mai U ya ja baya.

Babban bambancin ma ba nan yake ba, yana wurin katin hoto. EliteBook ɗin, yadda aka fi samunta, ba ta da kati mai zaman kansa. Intel UHD 620 ne a cikin furosesa, ba shi da rumbun ajiya nasa, daga RAM yake aro. Nan ne ake yi wa mutane wayo: a buɗe maka allo ka ga an rubuta kusan giga 8, a ce maka ai ga ƙarfin katin nan. Aro ne, kuma ko nawa ya ara, injin da ke zana hoton ƙarami ne. GTX 1650 kuwa guntu ne daban, da giga 4 nasa na kansa, da bututun sanyaya shi. Sa wa UHD 620 wasan zamani kamar ɗora wa kabu-kabu buhunan gero biyar ne, zai motsa, amma ba tafiya ba ce.

Mu ɗauki wasannin naka. GTA V tsoho ne, tun 2015 ya fito a kwamfuta. EliteBook za ta buɗe shi in ka sauke hoton zuwa 720p ka rage komai, sai dai da ƙyar za ta riƙe hoto 30 a daƙiƙa, in ka shiga gari da mota ta fara sarƙewa. Nitro za ta tafi da shi a 1080p hankali kwance. FC 24 kuma mafi ƙarancin abin da masu shi suka nema shi ne GTX 1050 Ti mai giga 4, RAM giga 8 da wuri giga 100. GTX 1650 ya ɗara wannan kaɗan, wato za ka buga amma ba a matakin ƙoli ba. EliteBook ba ta cikin wannan zance sam. Kada kuma ka ɗauka Nitro ɗin dodo ce. Katinta na 2019 ne, manyan wasannin da ke fitowa yanzu da yawa sun fi ƙarfin giga 4.

Giga 16 na EliteBook kada ya ruɗe ka. Nitro tana da ramin RAM biyu, ka ƙara giga 8 duk ranar da aljihu ya yi nauyi. Katin hoto kuwa a liƙe yake da allon uwa, ba a canja shi.

Inda EliteBook ta yi zarra shi ne wuta da zafi, kuma a Damagaram wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cajarta wat 45 ko 65 ce, ƙaramin sola ma zai riƙe ta. Ta Nitro wat 135 ce, in an ɗauke wuta kuma ta koma kan batir sai ta rage ƙarfin katin da kanta, batirin ma ba ya jimawa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwamfutar da ke kan katifa ko darduma za ta kusa kai 100 a ciki, ta dinga rage gudu don kada ta lalace. Ka ɗora ta kan tebur, ka ɗaga bayanta, bayan hunturu kuma ka kai a busa mata ƙura a sake man furosesa. In makaranta za ka riƙa zuwa da ita kullum, nauyin Nitro ya haura kilo 2, za ka ji shi a kafaɗa.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka tabbatar sunan NVIDIA, kamfanin da ke ƙera GTX, ya fito da giga 4 nasa. Ka sa a kunna wasa ya yi rabin awa a gabanka, ka saurari fankokin biyu. Ka kuma duba madannai: in AZERTY ne irin na Faransa, maɓallan tafiya a wasa Z, Q, S, D ne, in ta Kano ta biyo da QWERTY, W, A, S, D ne. Cajar ma ta zama tata ta asali, don ƙaramar caja ba ta barin katin ya yi aiki da cikakken ƙarfinsa.