Klinik ɗin da nike zuwa awon ciki a Tahoua, ga abin da na gani

Salamu alaikum 'yan uwa mata. Wasu sun ta tambaya ta ina na koma awo, to wata ƙaramar klinik ce ta kuɗi nan cikin gari, wata huɗu ke nan ina zuwa. Bari in fara da abin da ya dame ni, jira wallahi, ka zo ƙarfe takwas da karne ɗinka sai kusan azahar a kira ka, benci biyu ne kawai a rumfa, ga zafin Tahoua, in wuta ta ɗauke kuma ekografi sai wani jiƙon. Kuɗin ma ba sauƙi, kowane zuwa sai jikkuna sun fita ban da farmasi.

Amma wata dattijuwar sajfam, wato ungozomar klinik ɗin, ita ta riƙe ni. Ranar da ta ba ni ƙwayoyin ƙarin jini na ce mata gaskiya Hajiya ni ba na sha, tashin zuciya suke sa ni, kuma uwar mijina ta ce yaro abin da ya gado shi zai zama, dogo ko gajere. Ba ta yi mini faɗa ba, sai ta jawo kujera. Ta ce gadon gaskiya ne, ƙwayoyin halitta wajen 20,000 ke jikin mutum, daga uwa da uba, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba, kamar fitilun gida ne, wayar wuta na nan ba ta canza ba, wata fitila a kunne wata a kashe. Abin da uwa ta ci, yunwa, hayaƙin taba, duk suna iya sa wata 'yar alama kan ADN ɗin jariri, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin halittar, da za ta rage ma wata fitila haske, musamman makonnin farko da ke ma ba ki san kin ɗauka ba.

Ta kawo misalin Holan, yunwar da aka yi can a sanyin 1944 zuwa 1945 lokacin yaƙin duniya na biyu. Waɗanda aka ɗauki cikinsu a wannan yunwa da suka manyanta ciwon suga da na zuciya ya fi kama su, kuma bayan shekara 60 aka auna jininsu aka tarar alamar na nan kan wata ƙwayar halitta da ake kira IGF2, daban da ta 'yan uwansu uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce ai wannan Turawa ne Hajiya. Ta yi dariya ta ce to Gambiya fa, a ƙauyukan Keneba an ga yaran da aka ɗauki cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya ƙare, alamominsu sun bambanta da na rani. Nan jikina ya yi sanyi, na tuna yunwar 2005 a Adar, ƙanwata cikin wannan shekara aka haife ta.

Ta kuma ce kar in tsorata, alama ba hukunci ba ce, in dage da wake, zogale, ƙwai, nono, in sha ƙwayar da dare bayan tuwo, kuma tashin zuciyar ya ragu kam.

In za ku je ku tafi da sassafe da ruwanku, ku tambayi ranar da dattijuwar take aiki, don yarinyar da ke canjinta auna ki kawai take ta rubuta ordonas.