Mulholland Drive: fim ɗin da ya hana ni bin lungun bayan gidanmu

Faifan ya yi kusan wata takwas a durowata ban saka shi ba. Wani abokina da ya yi karatu a Amurka ne ya ba ni aro, ya haɗa da gargaɗi uku: "Mutumina, kada ka kalla da yara, kada ka kalla kana latsa waya, in ka gama kuma kada ka kira ni ka ce in fassara maka." Dariya na yi. Ni da na girma a gidan kallo, na sha fina-finan fatalwa na Indiya da na masu yankan kai na Amurka, wane dare ne jemage bai gani ba? Sai da na ji labarin mutuwar wanda ya shirya shi, David Lynch, a watan Janairun 2025 yana da shekara 78, sannan na tuna da faifan. Na bari kowa ya kwanta, na ɗauko kwamfuta, na toshe kunnuwana da abin sauraro, na kashe fitila.

Fim ɗin ya fito a 2001, tsawonsa awa biyu da minti ashirin da wani abu. Sunansa sunan wani titi ne da ya bi ta kan tsaunukan da ke kallon birnin Los Angeles. A kan titin nan labarin ya fara: wata mata mai baƙin gashi tana bayan doguwar mota da dare, direba ya tsaya ya nuna ta da bindiga, kafin ya harba wata motar ta taho a guje ta yi karo da su. Matar ta fito da rai amma ta manta ko ita wace ce, ta gangara cikin gari ta ɓuya a wani gida. Can wata yarinya mai suna Betty, wadda Naomi Watts ta fito a matsayinta, ta same ta. Betty ta taho ne daga wani ƙaramin gari a Kanada da burin zama tauraruwa. A jakar baƙuwar akwai damin kuɗi da wani shuɗin makulli. Su biyun suka shiga neman asalinta. Da a nan aka tsaya, labarin bincike ne irin wanda kowa ya saba.

Abu na farko da na lura da shi tun kafin labari ya kankama: faifan ba a yanka shi babi-babi ba. Ba inda za ka danna ka tsallaka zuwa gaba. Na ɗauka lalacewa ya yi, ashe da gangan ne, Lynch ba ya son a riƙa gutsurar fim ɗinsa. A cikin kwalin kuma akwai 'yar takarda mai ɗauke da alamomi goma da ya ce mai kallo ya sa musu ido, irin su jar fitila da mazubin tokar sigari da kofin gahawa. Na karanta su kafin kallo, na sake karantawa bayan kallo, kuma gaskiya sun fi kama da tsokana.

Ba a yi nisa ba aka zo wurin da ya ɓata mini dare uku. Wani gidan cin abinci ne mai suna Winkie's, rana tsaka, hasken rana ta ko'ina. Maza biyu suna zaune, ba mu san su ba, ba su da alaƙa da labarin da muke bi. Ɗaya yana ba wa ɗaya labarin mafarkin da ya yi har sau biyu: a nan wurin suke, shi yana zaune, abokin yana tsaye wajen biyan kuɗi, duk su biyun a tsorace, kuma akwai wani mutum a bayan ginin wanda yake iya hango fuskarsa ta cikin bango. Yana magana yana murmushin kunya irin na babban mutum da ya san abin da yake faɗa bai kamaci babba ba. Abokin ya ce to su je su duba. Ya tashi ya je biyan kuɗi, ya tsaya daidai inda aka ce ya tsaya a mafarkin.

A nan cikina ya ɗuri ruwa. Mu da aka hore mu tun muna yara cewa wanda ya yi mugun mafarki ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsari, ya juya kwanciya, kada ya gaya wa kowa, sai ga mutum ya zauna yana zayyana nasa dalla-dalla, bai tsaya nan ba har ya tashi zai je ya leƙa. Na ji kamar in riƙo rigarsa. Suka fita, suka sauka wasu 'yan matakala, suna tafiya a hankali zuwa kwanar bango. Kamarar ba ta tsaya cik ba, tana ɗan lilo kamar kwale-kwale a ruwan da ba iska. Ƙarar titi ta yi ta janyewa har ya rage wani gurnani can ƙasa wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Sannan abin ya leƙo. Baƙar fuska ce mai dauɗa, gashi a cukurkuɗe, ba ta yi daƙiƙa uku a allo ba. Mutumin ya yanke jiki ya faɗi. Ni kuma na fizge abin sauraro daga kunnena har wayarsa ta kusa tsinkewa.

Na daɗe ina juya wannan a raina. An gaya mini abin da zan gani, an gaya mini inda yake, an kai ni wurin da rana tsaka a hankali, babu ɓoye-ɓoye. Fim ɗin tsoro na yau da kullum shammatarka yake yi, ka zabura, ka yi dariya, ka ci gaba da cin gyaɗarka. Wannan kuwa sanin da ka yi ne yake cin ka, irin na dannau: idonka biyu, ka san ɗakinka ne, ka san babu kowa, amma ka kasa ɗaga yatsa. Daga baya na ji cewa mace ce ta fito a wannan siffa, Bonnie Aarons, kwalliya ce kawai aka yi mata. Sanin hakan bai rage komai ba.

Wannan salo yana da tarihi. A Faransa aka raɗa masa suna suriyalizim, ya kuma kafu lokacin da marubuci André Breton ya fitar da takardar manufofinsa a Paris a 1924, yana kira da a bar mafarki da abin da ke ƙarƙashin hankali su shigo cikin fasaha ba tare da an tace su ba. A 1929 Luis Buñuel da mai zane Salvador Dalí suka yi wani gajeren fim da ya buɗe da reza tana tsaga ido, har yau mutane na kau da kai in an zo wurin. Amma a ganina Lynch ya fi su mugunta, don shi ba ya fara maka da abin ban mamaki. Falo yake nuna maka, da kujera, da tarho, da tsofaffi biyu masu fara'a, sai ya karkatar da abu ɗaya kaɗan. Tsofaffin nan da suka rako Betty daga jirgi, bayan sun rabu da ita an nuna su a bayan mota suna murmushi. Murmushin ya wuce lokacin da ya kamata ya ƙare. Shi ke nan abin da aka yi, amma sai da tsigar jikina ta tashi.

Akwai wuraren da suka gundure ni, ba zan ɓoye ba. Asali an ɗauki fim ɗin ne a 1999 a matsayin kashin farko na wasan talabijin don tashar ABC ta Amurka, tashar da ta nuna wasan Lynch mai suna Twin Peaks a 1990. Suka kalla suka ce ba sa so. Kamfanin StudioCanal na Faransa ne ya ba da kuɗi aka ƙara ɗaukar wasu wurare aka mai da shi fim. Ɗinkin yana nunawa. 'Yan sanda biyu sun fito a farko kamar da su za a yi tafiyar, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Akwai wani ɗan kisan haya wawa da ya je kashe mutum ɗaya ya ƙare da kashe uku har da harbin injin shara, abin dariya ne amma ya ja lokaci. Labarin daraktan da wasu masu kuɗi suka tilasta wa ɗaukar yarinyar da ba ya so shi ma ya yi tsawo, duk da cewa a cikinsa ne wani mai hular kaboyi, marar gashin gira, ya yi masa magana cikin ladabin da ya fi zagi ban tsoro.

Sai aka zo gidan wasan nan mai suna Silencio, kuma a nan na yafe wa fim ɗin duk abin da ya ɓata mini. Ƙarfe biyun dare matan biyu suka shiga wani tsohon zaure, 'yan kallo tsiraru. Mai gabatarwa ya fito ya yi ta nanatawa, da Turanci da Sifaniyanci da Faransanci, cewa babu makaɗa a wurin, duk abin da za a ji naɗaɗɗe ne. Har ya gwada musu: mai busa ya cire ƙahon daga bakinsa, busa ta ci gaba. Sannan wata mawaƙiya, Rebekah Del Rio, ta fito da ɗigon hawaye da aka zana mata a kunci, ta rera wata tsohuwar waƙar mawaƙin Amurka Roy Orbison da harshen Sifaniyanci, babu kiɗa ko ɗaya, murya zalla. Ban san kalma ɗaya a ciki ba. Matan biyu suna kuka, ni ma na ji maƙogwarona ya ɗaure. Ana tsakiyar haka mawaƙiyar ta zube a ƙasa, aka zo aka ja ta waje, muryar kuwa ba ta tsaya ba.

Na ji kunya, na kuma ji haushi, kamar wanda ɗan damfara ya gaya wa cewa zai damfare shi kuma ya damfare shin. Minti biyar da suka wuce aka ce mini ƙarya ce. Bayan haushin ya lafa sai wani abu ya taso wanda ban shirya masa ba. Na tuna wata safiya, shekara biyu bayan rasuwar mahaifiyata, da na yi mafarkin tana tankaɗe a tsakar gida tana yi mini faɗan ban ci abinci ba. Na farka na san mafarki ne tun kafin in buɗe ido, amma yinin ranar ban iya yi wa kowa magana ba. Ban taɓa zaton wani Ba'amurke da bai san da zamana ba zai taɓo wannan wurin.

Bayan wannan ne aka buɗe wani shuɗin akwati da makullin nan, fim ɗin ya kife. Fuskokin su ne, sunayen sun canza. Betty mai fara'a ta zama Diane, mace a yamutse cikin tsohuwar rigar wanka, a wani ɗaki mai duhu, wadda Hollywood ta tauna ta tofar, kishi da nadama suna cin ta. Ba zan faɗi abin da ta aikata ba. Mafi yawan masu sharhi sun tafi a kan cewa duk abin da ya gabata mafarkinta ne, inda ta gyara rayuwarta yadda take so ta kasance. Na yarda da wannan kashi bakwai cikin goma. Sauran ukun fim ɗin bai ba ni ba, kuma na lura duk lokacin da na ƙulla bayanin, wani zare yana saura a waje. Wasan Naomi Watts a wannan rabin awa na ƙarshe ya sa na koma na sake kallon farkon, don na kasa yarda mutum ɗaya ce.

Tatsuniyarmu ma cike take da abin da hankali ba ya ɗauka: dodo yana aure, ƙwarya tana magana, Gizo yana hawa sama. Amma mai ba da ita tana rufewa da ƙurunƙus, yaro ya san an dawo duniya, ya je ya kwanta. Fina-finanmu na aljanu ma a ƙarshe malam yana zuwa, a yi ruƙiyya, aljani ya faɗi sunansa da dalilinsa ya fita. Lynch ba ya cewa ƙurunƙus. Rubutu ya hau allo, na rufe kwamfuta, ɗakin ya zama kamar ci gaban fim ɗin. Labulen da na sani shekara shida ya zama abin da nake satar kallo. Da asuba maiɗakina ta ce, "Abban yara, lafiya kake ta juyi jiya?" Na ce zafi ne.

Ga wanda zai nema, sai ya san akwai tsiraici da wuraren kwanciya tsakanin matan biyu, akwai gawa da ta fara ruɓewa, akwai wurin da mutum ya kashe kansa a ƙarshe. Ba na falo ba ne, kuma wanda yake cikin baƙin ciki ko damuwa gara ya ɗaga masa ƙafa. Turancinsa mai sauƙi ne, a hankali suke magana. A lasifikar waya kuwa asara ce, domin rabin aikin a sauti yake, kiɗan Angelo Badalamenti da wannan gurnanin da ba ya fita sai a abin sauraro mai kyau. Lynch ya samu kyautar gwarzon darakta da shi a bikin fina-finai na Cannes na 2001, suka raba ta da darakta Joel Coen da ya zo da nasa fim ɗin, kuma a 2016 da BBC ta tambayi masu sharhi 177 fim ɗin da ya fi kowanne a wannan ƙarni, shi ya zo na ɗaya. Ban san ko zan kai shi can ba. Na dai kalle shi sau biyu cikin mako guda, ban kuma ji daɗinsa ko sau ɗaya ba irin daɗin da ake nufi in an ce fim ya yi daɗi.

Akwai wani lungu a bayan gidanmu da nake yankewa in je masallaci, yana da kwana inda ake zubar da shara a jikin katanga. Ranar da na mayar wa abokina faifansa ya tambaye ni yaya na gani. Na ce masa kwana tara ke nan ina zagayawa ta bakin titi. Ya karɓi faifan ya sa a aljihu, ya ce shi ma da ya fara kallo sai da ya yi wata guda bai leƙa bayan ɗakin kwanansu na makaranta ba, sannan ya tambaye ni ko ina son ya kawo mini Eraserhead, wani fim ɗin Lynch ɗin. Na ce ya bari sai bayan salla.