Birkin Hilux bayan sa manyan taya: gyara wanda ke jiki ko sayen babban disk?

Salam. Ɗan uwa mai Hilux Vigo, bari in maimaita tambayarka a taƙaice saboda waɗanda ba su gani ba. Kace ka ɗaga motar, ka cire taya 265/65R17 ka sa 285/70R17 masu manyan haƙora, ga bamba na ƙarfe da winci a gaba, kana yin lodi zuwa Gembu a kan tsaunin Mambila, yanzu kuma birki baya kamawa kamar da, musamman in kana saukowa daga tsauni. Makanikenka yace a canza fad (abin da ke matse disk ya tsayar da taya) da man birki da tiyonsa kawai, wani kuma yace kar ka ɓata lokaci, ka sayi babban disk da babbar kalifa (wadda ke danna fad a jikin disk), har dram ɗin baya ma a mayar da shi disk. Wanne ya fi?

Toh ka fara sanin cewa birkin naka ba lallai ne ya lalace ba, aikin ne aka ƙara masa. Tsohuwar tayarka tsayinta kusan milimita 776 ne, sabuwar kusan 831, wato ƙarin kashi 7 cikin ɗari kenan, shi kuma disk ɗin da ke riƙe ta yana nan yadda yake, don haka duk ƙarfin da ka taka, abin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan haka tun kafin a zo maganar nauyin tayar kanta da bamba da winci da jarkokin mai da kayan da ke baya. Kuma duk wannan nauyin in ya taho da gudu, birki zafi yake mayar da shi, ba wani wurin da yake zuwa.

Abin da ban gane ba a tambayarka shine wane irin rashin kamawa. In tun da safe cikin gari, birki na sanyi, ka taka ka ji sai ka danna sosai kafin ta tsaya, wannan matsala ɗaya ce. In kuma a gari lafiya lau, sai ka sauko rabin gangaren nan na Mambila wajen Mayo Selbe sannan abu ya fara, wannan zafi ne, kuma shi ma kala biyu ne. Wani lokaci birkin na nan da tauri a ƙafarka amma motar na ci gaba da tafiya, ga warin ƙauri na shigowa ta taga, wannan fad ne ya gasu. Wani lokacin kuma sai ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta, sai ka yi ta bugawa sau biyu sau uku kafin ya ɗan dawo, wannan kam man birki ne ya tafasa, kuma shi ya fi tsoro. Ka riƙe wannan a ranka, don shi ne zai raba maka gardamar mutanen biyu.

Na makanikenka dai, fad da mai da tiyo, mutane na raina shi saboda ba ya ɗaukar ido, amma wallahi a nan yawancin gyaran yake. Fad ɗin da ake zubawa a tire a kasuwa, kwali mai kyau ciki kuma Allah kaɗai ya san da me aka haɗa shi, shi ke fara narkewa a gangara, araha ba ta ado. In ka samu na kirki ka duba gefensa ko bayansa, da yawa za ka ga haruffa biyu a ƙarshen lambar, EE ko FF ko GG. Na farko kamun fad ɗin ne yana sanyi, na biyu yana da zafi. E na nufin ma'aunin kamu 0.25 zuwa 0.35, F kuma 0.35 zuwa 0.45, G daga 0.45 zuwa 0.55. Ga motar da ke ɗaukar lodi ni ba zan sa ƙasa da FF ba. Kar kuma wani ya sayar maka da fad na motar tsere wai ya fi ƙarfi, irinsu sai sun ɗau zafi suke kamawa, kai kuma kana buƙatar birki tun daga ƙofar gida.

Man birki kuma shi ne abin da kusan kowa ke mantawa, sai dai a yi ta ƙari in ya ragu, shekara da shekaru ba a taɓa zubar da tsohon ba. Alhali shan danshi yake daga iska. Man birki mai lamba DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 na Selshiyas, amma in ya sha ruwa mizaninsa 140 ne kawai. DOT 4 sabo 230, in ya sha ruwa 155. DOT 5.1 kuma 260 da 180. Kaga tsohon mai baƙi ƙirin da ya kwana biyu a Mambila inda hazo da ruwan sama ba sa ƙarewa, ai tun kafin disk ya yi wani zafin kirki ya tafasa. A zuƙe shi kaf a sa DOT 4 daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka, a cire iska taya huɗun duka, a riƙa maimaitawa duk shekara biyu, in kana yawan ratsa rafi ma kar ka jira hakan. Sai dai ka kula, DOT 5 zalla wanda ba .1 a jikinsa wani abu ne daban, na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran.

Tiyo kuwa tunda ka ɗaga mota dole ka duba shi, in taya ta rataya a rami tsohon na iya miƙewa har ya tsage. Mai saƙar waya a jiki yana sa birki ya yi tauri a ƙafa don ba ya kumbura, amma gaskiya ba ya rage nisan tsayawa, daɗin takawa ne kawai da kwanciyar hankali.

Akwai abu biyu da makanikenka bai ambata ba kuma ina zargin ɗayansu ne ke cinka. Na farko kalifar gaba ta Vigo mai 4x4 fistin huɗu gare ta, laka da ruwa kan sa ɗaya ko biyu su maƙale, a ciro fad a duba, in ɗaya ya cinye ɗayan kuma kamar sabo, ko ya cinye a karkace, ko motar na ja gefe in ka taka, to ga shi nan. Na biyu kuma ka leƙa ƙarƙashin motar ta baya, a jikin shasi kusa da aksil, in taka na da wani ɗan bawul mai dogon ƙarfe siriri da ya taho ya kama aksil, shi ne ke auna lodi. In an yi lodi baya ya zauna sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ba kaya ya rage don kar taya ta kulle. Da ka ɗaga motar ba a gyara wannan ƙarfen ba, shi a wurinsa kullum motar ba kaya take ko da buhu ashirin ne a baya, sai ya bar gaba da aikin duka, gaba kuma ya yi ta gasuwa. Gyaran ɗan ƙarfe ne da za a ɗaga maƙalarsa daidai da tsayin da aka ƙara wa motar. Na sha ganin Hilux da aka ɗaga, tayoyin gaba baƙi wuluk da ƙurar fad, in ka taɓa dram ɗin baya bayan doguwar gangara kuma da ɗan ɗumi kawai.

Yanzu babban disk da babbar kalifa. Ba ƙarya ba ne yana aiki, disk mai faɗi yana dawo maka da ƙarfin da babbar taya ta cinye, kuma ƙarfe mai yawa ya fi ɗaukar zafi kafin ya gaji. Amma ka gane abin da kake saye. In birkinka na yanzu bayan gyara zai iya kulle taya ko ya tayar da ABS (na'urar da ke hana taya kullewa) a kan kwalta, to babban disk ba zai sa ka tsaya da wuri ba a taka ɗaya ta gaggawa, iyakar nan taya ce ke yanke ta, kuma tayar laka irin taka a jiƙaƙƙiyar kwalta santsi gare ta ko wane birki ka sa. Inda yake nuna kansa shine taka ta goma, ta ashirin, a gangara mai tsawo da cikakken lodi, lokacin da ƙaramin ya fara wari shi yana nan daram.

Sai kuma abin da ke biyo bayansa. Dole ka gwada ko zai shiga cikin rim ɗinka, har da na safaya, don akwai masu sa 17 a ƙafa huɗu su bar safaya 16, ranar da taya ta fashe a daji sai a ga rim ya ƙi zama. In fistin ɗin sabuwar kalifar sun fi girma kuma masta, wato famfon da ke tura man birki, na nan tsohuwa, birki zai yi nisa kafin ya kama, ka kashe kuɗi ka koma kana jin kamar ya fi da lalacewa. Ga maganar fad: na Vigo na asali ko a Bali ko Serti ka tsaya da wuya ka rasa, balle Ƙofar Ruwa ko Fanteka, amma na kalifar da aka yo odarta daga Ostareliya in ya ƙare a hanya sai dai ka ajiye mota ka jira. In ma za ka ƙara girman, ni na fi son a nemo na wata Toyota da aka tabbatar yana zama, don kayansa na nan a kasuwa. Kuma disk mai huji-huji ɗin nan da ke burge samari, bar shi, ramukan na cika da laka da yashi, tsagewa ma daga bakinsu take farawa. Mai tsaga-tsaga ya fi, sumul na asali ma ya wadatar muddin bai sirance ya wuce lambar da aka buga a gefensa ba.

Mayar da dram ya zama disk shi na sa a ƙarshe. Amfaninsa na gaske a laka ne da ruwa, dram in ya sha taɓo sai ya riƙe shi a ciki ya yi ta cin shu, wato fad ɗin cikin dram, in ka ratsa rafi ma yana jimawa bai bushe ba, disk kuwa juyi kaɗan ya wanke kansa. Amma a mota irin wannan gaba ke yin mafi yawan aikin tsayawa, kuma wahalar na wajen hambirki, da yawa bayan an canza sai ya zama na ado, kai kuma mai tsayawa a kan tudu da kaya. In aka yi shi ba lissafi har baya ya riga gaba kullewa a kan burji, motar juyawa za ta yi da kai, gyaran gangar Abzinawa kenan. A buɗe dram ɗin a wanke, a sa shu mai kyau, a saita shi, ya fi maka.

Don haka in ni ne kai, na makanikenka zan fara, in haɗa da kalifa da bawul ɗin nan, duka ba za su kai ko kusa da kuɗin babban disk ba, kuma ko ka sayi babban ma sai ka yi su. A gwada busta ma, wato abin da ke ƙara wa takunka ƙarfi, tunda dizal ce, ka kashe mota ka buga birki har ya yi tauri, ka riƙe shi ka tayar, in ya ɗan nutse lafiyarsa lau, in bai motsa ba a duba famfon iska da tiyonsa. Bayan an sa sabon fad kar ka ɗauki lodi kai tsaye, ka samu hanya mara mutane ka riƙa kai gudun kilomita 60 a awa kana saukowa kusan 10 ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiya kaɗan ya huce. In ka yi duk wannan, kana saukowa Mambila da giya biyu inji na riƙe maka ba ƙafa a kan birki tun daga sama ba, kuma har yanzu kana jin ƙauri, to lodinka ya fi ƙarfin disk ɗin, a nan ne babban ya cancanci kuɗinsa, na gaba kawai. Ka turo hoton ƙarƙashin motar ta baya da lambar da ke jikin fad ɗinka mu gani.