Sharhi kan aikin masu tantance darajar kamfani kafin a saye shi

Lokacin da hukumar gudanarwarmu ta ƙudiri aniyar sayen wani kamfani mai sana'a irin tamu, mun ɗauko wani ofishin ƙwararru masu tantance darajar kamfanoni, kuma ni aka ɗora wa alhakin zama da su har ranar da suka miƙa rahoto.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka ƙi gamsuwa da ribar da mai sayarwa ya nuna a takarda. Sun bi rasiɗai da kwantiragi ɗaya bayan ɗaya, har suka gano cewa mafi yawan kuɗin shigar kamfanin daga abokin ciniki guda suke fitowa, kwantiraginsa kuma yana dab da ƙarewa. Jagoransu, mutum mai sanyin magana, ya ɗauki alƙalami ya lissafa mana a gefen takarda cewa idan muka biya farashin da aka yanka, abin da kamfanin ke samarwa ba zai biya kuɗin ruwan bashin da za mu ci ba, balle uwar kuɗi.

Ya kuma fayyace mana cewa rarar da aka biya sama da darajar kadarori ana rubuta ta a littafin lissafi a matsayin darajar suna, kuma ranar da ta tabbata cewa cinikin bai haifar da ɗa mai ido ba, dole a zaftare ta, asarar ta faɗa kan masu hannun jari. Haka ta faru da kamfanin kwamfuta na HP, wanda ya sayi kamfanin manhaja na Autonomy a 2011 kan kimanin dala biliyan 11, ya zaftare biliyan 8.8 a 2012. Microsoft ma ya zaftare biliyan 7.6 a 2015, bayan sayen sashen wayoyin Nokia.

Sai dai aikin nasu bai rasa aibi ba. Rahoton ya zo a makare, cike da kalmomin akantoci, ta yadda sai da na sake taƙaita shi da kaina kafin daraktoci su karanta. Sannan sun karɓi hasashenmu na ragin kashe kuɗi bayan haɗewa ba tare da sun matsa mana ba, alhali a ganina nan ne mai saye ya fi yaudarar kansa.

Da lissafinsu muka koma teburin ciniki muka taya ƙasa da farashin farko. Mai sayarwa ya ce albarka, mu kuma muka janye.